Daɓen Ƙarƙashin Mangwaro: Kundin Aikin Ciyawar Tsakar Gidana a Kaduna

2 ga Maris, 2024

Yau na ɗauko tef na auna filin: mita 8 a tsaye, mita 6 a kwance, tsakanin baranda da katangar kudu. Murabba'in mita 48 ke nan. Mangwaron da muka tarar a filin tun kafin a haƙa harsashi yana kusurwar gabas, kuma ya lulluɓe kusan rabin wurin. Sau biyu ina dasa kiri-kiri a nan, a 2022 da bara, sau biyun tana mutuwa, in ban da wani ɗan ziri a bakin ƙofa inda rana ke wuni. Da damina wurin ya zama taɓo har silifa ya maƙale, da rani kuma ya tsattsage kamar diddige mai faso.

Na kira Baba mai lambu, dattijon da ke kula da furannin maƙwabta, ya zo ya gani. Ya sa na ɗauko guntun rodi na danna da dukkan nauyina. Bai shiga tsawon ɗan yatsa ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ba ƙasa ba ce, daɓe ne. Makuba kawai ya rage a zuba masa."

Da na zauna na tuna yadda aka gina gidan, sai na ga gaskiyarsa. Jar lakar da aka fito da ita daga ramin harsashi da na sokawe a nan aka baje ta. A nan tifa ke juyawa tana sauke yashi, cikin damina kuwa. A nan aka yi kwaɓin siminti. Laka mai danshi da aka bi da nauyi, ai abin da kakanninmu ke yi ke nan da madaɓi idan suna son ƙasan ɗaki ya yi ƙarfi. Ni kuma na zo ina zargin iri.

9 ga Maris

Kafin azumi ya kama na yi gwaji biyu. Na haƙa rami mai zurfin santimita 30, da ƙyar, sai da na ari diga. Na cika shi da ruwa, ya zuƙe da wuri, har na fara murna. Ashe tsagogin rani ne suka shanye shi. Shi ya sa ake cewa a cika sau biyu: laka idan ta jiƙa kumbura take yi, tsagogin su rufe, a nan ne za ta nuna halinta. Cikawa ta biyu, awa huɗu ruwan bai sauka santimita 2 ba. Ƙasar da ke tsotse ruwa yadda ya kamata takan sauke kimanin santimita biyu da rabi cikin awa guda.

Gwaji na biyu na kwalba ne. Na zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, na cika da ruwa, na ɗiga sabulun wanke-wanke, na girgiza sosai na ajiye. Yashi kan kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, ƙasa mai laushi ta biyo baya cikin 'yan awoyi, laka kuwa sai ta yi kwanaki tana yawo a ruwa, don ƙwayarta ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba. Tawa ta kwana uku ruwan bai washe ba, kuma layin lakar ya kusa rabin abin da ya kwanta. Masana ƙasa na kiran ƙasa laka da zarar lakar cikinta ta kai kashi 40 cikin ɗari. Yara sun riga sun san haka ba tare da kwalba ba, tun da da ita suke gina shanu da motoci.

23 ga Maris

Azumi ga zafi, ba a maganar diga. Sai na yi aikin zaune. Ranar Asabar biyu na zana filin a takarda, duk awa tun ƙarfe bakwai na safe har shida na yamma ina fita ina ɗiga alama inda rana ke taɓawa. Uwargida ta ce yunwa ce ta fara taɓa ni.

Filin ya rabu uku. Wajen ƙofa yana samun rana sama da awa shida. Tsakiya kamar awa huɗu, galibi da yamma. Gindin mangwaro kuwa ko awa biyu ba ya samu, ita ma ɗin ɗige-ɗige ce ta tsakanin ganye. Kiri-kiri ciyawar fili ce, tana son rana awa shida zuwa sama. Na dasa ta a inuwa sau biyu, sannan na yi ta fushi da mai sayarwa.

13 ga Afrilu

Mun sha Sallah ranar Laraba. Surukina da ya zo gaisuwa ya dubi wurin ya ce a zuba tifa guda ta yashi a huta. Shawarar da kowa ke bayarwa ke nan, kuma a baki tana da daɗi: laka ta cika riƙe ruwa, yashi ba ya riƙewa, a haɗa su a samu tsaka-tsaki. Don kada in musa wa babba da baki, na gwada a wani lungu mai faɗin tabarmar sallah, na cuɗa baro guda na ragowar yashin gini, na jiƙa na bari.

Abin da ya fito tubali ne. Ƙwayoyin laka sun shige tsakanin na yashi sun toshe ko'ina, suka kama kamar an sa siminti. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya fi ta yawa nesa ba kusa ba, wato sai dai a kwashe ƙasar a kawo wata. Duk maginin ƙasa ya san haka, don da gangan yake gauraya su idan yana son bango ya daɗe. Na gode Allah da ban sayo tifar ba.

Abin da laka ke buƙata ruɓaɓɓen abu ne: taki, ganye, ɓuntu. Su ke sa ƙwayoyinta su dunƙule su zama 'yan curi-curi, a samu ƙofofin da iska da ruwa da saiwa za su bi. Ƙasa mai lafiya kusan rabinta sarari ne. Tawa an matse sararin ne, shi zan maido.

27 ga Afrilu

Lissafi: in zan shimfiɗa taki mai kaurin santimita 5 a kan murabba'in mita 48, ina buƙatar lita 2,400, kimanin baro 40 idan baro na cin lita 60. Na samo tsohon kashin shanu daga zango, wanda ya riga ya yi baƙi ya daina wari, da buhunan ɓuntun shinkafa daga injin casa. Wani ya yi mini tayin kashin kaji ɗanye a araha, Baba ya hana, ya ce ƙone saiwa yake yi sai ya daɗe a tsibi ya ruɓe. Mun gauraya kashi biyu na taki da kashi ɗaya na ɓuntu, muka jiƙa muka rufe da tsofaffin buhuna. Ɓuntu ba ya saurin ruɓewa, abin da nake so da shi ke nan, zai daɗe yana buɗe ƙasar.

11 ga Mayu

An yi ruwa biyu masu kyau. Na so mu fara washegarin na farko, Baba ya ce a dakata. Ya ɗebi ƙasa ya dunƙule a hannu, ya danna da babban yatsa, ta lotsa ba ta fashe ba. "Idan ka taɓa ta yanzu, yallaɓai, kwaɓi za ka yi. A bari ta sha iska." Bayan kwana biyu ya sake dunƙulewa, ya danna, ta wargaje. Ya ce yanzu ne. Tagar aikin laka ƙarama ce: jiya ta yi taɓo, jibi ta yi dutse.

Ni da shi da samari biyu muka sa diga muka fasa wajen ƙofa da tsakiya zuwa zurfin santimita 20 zuwa 25. Abin da muka tono ya cika baro shida: gutsattsarin bulo, buhunan siminti, wayar ɗauri, takalmin lebura ƙafa ɗaya. A tsakiyar filin kuma, ƙasa da taƙi guda, muka ci karo da faffaɗan dandamalin siminti inda aka yi kwaɓi, wanda aka rufe da ƙasa aka tafi. Shekara biyu ina ban ruwa a kan kankare.

Gindin mangwaro ban yarda a sa diga ba. Ƙananan saiwoyin da bishiya ke ci da su suna sama-sama ne, kuma ba a jibga mata sabuwar ƙasa mai kauri a kai, shaƙe ta ake yi. A nan sai muka bi da rodi mai kaifi muna huda ramuka, taƙi guda tsakaninsu, muna cusa taki a ciki. Aikin ya tuna mini da tassa da manoman yankin Tawa a Nijar ke yi a fako: a haƙa ƙaramin rami, a zuba taki, gara ta biyo takin ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwa ya samu wurin shiga. A Burkina Faso suna ce masa zai, kuma da shi marigayi Yakuba Sawadogo na Yatenga, wanda ya rasu a Disambar bara, ya mayar da fako daji. Tsakar gidana ba Yatenga ba ce, amma ciwon iri ɗaya ne.

25 ga Mayu

Ruwa ba ya tsami banza. Daren Talata na fito da tocila ana tsakiyar ruwa, sai na ga duk abin da rufin gaba ya tara a kan filin nan yake zuba. Kwanon wajen ya kai murabba'in mita 60. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka ruwan milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a Kaduna, lita 1,800 ne, duro tara, ban da wanda ya sauka a filin kai tsaye. Wace laka ce za ta shanye wannan?

Mai walda ya sa mana mazurari a bakin kwano da bututu zuwa kwata, da reshe guda da ke cika duro biyu. Mun kuma gyara kwanciyar filin da manjagara ya ɗan gangara daga baranda zuwa ƙofa, kimanin santimita 2 a kowace mita, muka ja siririn rami a gefen katanga muka cika da tsakuwa. Da na san haka tun farko, da wannan zan fara kafin komai.

1 ga Yuni

'Ya'yan mangwaro sun ƙare, an yi masa aski. Mun cire rassan ƙasa da suka sunkuyo da waɗanda suka cushe a ciki, ba mu kai kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen ba. Mai saran ya so ya yi masa ƙwal, na ce a'a. Inuwar nan ita ce falonmu daga Maris zuwa Mayu.

8 ga Yuni

Dashe. A wajen masu sayar da furanni na bakin titi na sayo ciyawar da suke kira kafet, mai faɗin ganye mai rarrafe, wadda masana tsirrai ke kira Axonopus compressus. Asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, tana jure inuwa fiye da kiri-kiri, tana kuma son danshi, wanda shi ne abin da laka ke da shi a wadace. Rauninta rani, wannan na sani tun yanzu. Mun yayyaga ta ƙanana muka dasa da tazarar santimita 15, muna tsaye a kan katako don kada mu sake daɓe abin da muka fasa. Zirin kiri-kirin bakin ƙofa na bar shi, tun da shi ya zaɓi wurinsa.

Na kewaye da igiya. Na tara yara na yi musu huɗuba a kan ƙwallo.

17 ga Yuni

Ban yi wa rago huɗuba ba. Daren jajibirin Babbar Sallah ya tsinke igiya, kafin asuba ya bi layi uku ya tumɓuke su har saiwa, ya tattaka sauran. Jiya da aka yanka shi ƙanina ya ce a ba ni tumbin, ciyawata ce a ciki. Na sake dasa wajen da yamma.

13 ga Yuli

Kafet ta kama, ta fara miƙa hannu tana haɗuwa a tsakiya. Tare da ita aya-aya ta fito kamar an shuka ta, ga wasu ciyayin da takin shanu ya zo da irinsu. Aya-aya ba a fizge ta, 'yar ƙwayar da ke ƙasa ita ce matsalar, in ta zauna gobe ta dawo da 'yan uwanta. Kowace safiya bayan sallah nakan ɗauki tsohuwar wuƙa in yi rubu'in awa ina tono su ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙi aikin ba, gaskiya. Shi ne lokacin da ba mai kirana a waya.

Wata matsala ta fito da ban hango ba. Igiyar shanya tana can ƙarshen filin, kuma duk mai zuwa shanya ta layi ɗaya yake bi. Har hanya ta fara fitowa. Na ce a riƙa zagayawa, uwargida ta ce, "Malam, da bokitin wanki a kai zan yi ɗawafi?" Ta fi ni gaskiya. Na sayo falankin siminti tara na jera su daidai takun ƙafarta.

27 ga Yuli

Yankan farko, da almakashin lambu, don injin zai nutse. Na bar ta da tsawon santimita 5 zuwa sama, ban kuma cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen ba. Ciyawar inuwa da ganyenta take kamo ɗan hasken da take samu, wanda ya aske ta ƙasa-ƙasa ya karɓe mata kwanon abinci.

6 ga Agusta

An sa dokar hana fita a gari tun jiya saboda zanga-zanga, don haka ina gida, kuma na samu damar kallon ruwa daga farkonsa har ƙarshe. Bara irin wannan ruwan kwana biyu yake yi a kwance. Yau kafin awa uku ya janye, sai wani ɗan kwari kusa da tsakiya da zan cike. Na ga kashin tana a wurare da dama, 'yan tsibi-tsibi kamar an matsa taliya. Tun da muka tare a gidan nan ban taɓa ganin tana ba.

Kuskurena na wannan wata: makonni biyu da suka wuce na ga ciyawar gindin mangwaro ta yi siriri ta koɗe, sai na watsa mata yuriya ba da sanin Baba ba. Ta yi tsawo da sauri, ta yi laushi kamar alayyafo, sannan ta fara ruɓewa fage-fage, ga gansakuka ta shimfiɗa a ƙasa. Yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ce, tana tura ganye, ita kuwa ciyawar ba abinci ta rasa ba, haske ta rasa. Baba ya duba ya ce, "Mara lafiya ka ɗura wa tuwo."

21 ga Satumba

Na sallama gindin mangwaro. Da'irar da ta kai mita biyu da rabi daga kututture ba za ta yi ciyawa ba, ko na shekara goma ina lallashi. Bayan inuwa, saiwar bishiyar na shanye komai kafin ciyawa ta ɗanɗana. Na jera bulo na zagaye wurin, muka daina share ganyen da ke zuba muna ƙonawa, muna tara shi a ciki. Na ajiye benci. Abin da ya rage na ciyawa kimanin murabba'in mita 30 ne, kuma ya rufe ruf, ba a ganin ƙasa.

Na daɗe ina jin kamar faɗuwa ce. Amma tun da aka ajiye bencin nan ba wanda ya sake zama a baranda.

Gara ta shigo ganyen, kamar yadda aka zata. Na bar ta ta yi aikinta a can, sai dai na janye ganyen mita guda daga bangon gida, ina kuma duba katakon rufi. Amana tsakanina da gara ba ta kai nan ba.

19 ga Oktoba

Ruwa na shirin ɗaukewa. Na sake gwajin rami a tsakiyar fili: cikawa ta biyu ta sauka kusan santimita ɗaya da rabi a awa. Ba a kai ba tukuna, amma an bar inda ake. Tun ƙasa na da sauran danshi muka sake bin filin da rodi muna hudawa, muka watsa taki mai laushi kaurin santimita ɗaya, muka share shi da tsintsiya ya shige ramukan.

14 ga Disamba

Hunturu ya zo da abin da takardata ta Maris ba ta nuna ba. A Kaduna rana na bi ta tsakar ka ne wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Daga nan sai ta karkata kudu, kuma a wannan watan inuwar katangar kudu da tsakar rana ta kai mita ɗaya da rabi cikin fili. Zirin da ke jikin katangar ya yi sanƙo. Ba zan yi faɗa da shi ba, in ga abin da zai yi idan rana ta dawo.

Sauran ta fara ja, bakin ganye ya bushe. Lissafin ban ruwa ya tsorata ni: milimita 25 a mako a kan murabba'in mita 30 lita 750 ne, kusan duro huɗu, a unguwar da maƙwabta ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Ba zan iya kallon idonsu ina shayar da ciyawa haka ba. Mun koma tara ruwan alwala da na ɗaurayar ƙarshe ta wanki, ana zubawa da yamma sau biyu a mako, a hankali, don laka ba ta haɗiya da gaggawa. Burina ta rayu, ba ta yi kore ba.

15 ga Fabrairu, 2025

Launin buhu. Mangwaro kuwa ya yi fure fiye da kowace shekara, Baba ya ce takin ramuka ne. Na tona gefe da wuƙa, jijiyar ciyawar na da rai.

17 ga Mayu, 2025

Kwana goma bayan ruwan farko filin ya koma kore, har zirin jikin katanga ya fara rufewa daga gefe. Na ɗauko rodin bara na danna a tsakiya, ya shige fiye da taƙi guda ba tare da na hau kansa ba. A ƙasan wannan har yanzu jar lakar nan ce, tana nan yadda take, kuma za a ci gaba da huda da zuba taki duk farkon damina da ƙarshenta.

Aya-aya ta dawo, amma ba kamar bara ba. A gefen da'irar mangwaro na jera buhuna shida na cika da ƙasa da taki na sa citta, tun da tana jure inuwa amma ba ta son ruwa ya kwanta mata. Irin ya yi tsada tun cutar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, wani abokin aiki ɗan Kachiya ne ya kawo mini 'yan ƙwayoyi daga gida.

Sallah saura mako uku. Yau na kafa turken rago a bayan kicin, na ƙarfe, na kuma sayo sabuwar igiya.